Sayen gida ba tare da dillali ba a arewacin Kamaru: la'adar da ka tsira da ita da nauyin da ya dawo kanka

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Garwa a kan babur ya san wani rubutu da ake yi da fenti a jikin katanga, da Faransanci, da manyan baƙaƙe: gidan nan ba na sayarwa ba ne. Akwai shi a Marwa, akwai shi a Ngaundere. Mutum ba ya sayen fenti ya ɓata katangar gidansa haka kawai. Inda duk ka ga wannan rubutu, ko dai an taɓa yunƙurin sayar da gidan a bayan idon masu shi, ko kuwa 'yan gida ɗaya ne suka rabu biyu a kan gado, wani na son a sayar, wani ya ce sai bayan ransa. Ina so mai niyyar sayen gida kai tsaye daga hannun mai shi ya riƙe hoton wannan katanga a zuciyarsa, domin gidajen da ke da irin wannan matsala sun fi waɗanda aka yi wa rubutun yawa.

Na fahimci abin da ke sa mutane gudun dillali, kuma ban ga laifinsu ba. A ce an yi da shi a kan kashi 5 cikin ɗari, gidan kuma na sefa miliyan 20 ne, to miliyan guda ta tafi a la'ada, kuɗin da zai sake wa gidan kwano ko ya haƙa rijiya. Da ma a la'ada abin ya tsaya da sauƙi. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne ɗori: mai gida ya ce miliyan 15 yake so, dillalin farko ya gaya wa na biyu 17, na biyu ya kawo maka a 19, kuma duk su taru su hana ka ganin mai gidan har sai ranar biya. Kamaru tana da dokar da ta tsara sana'ar dillancin gidaje tun shekarar 2001, amma akasarin waɗanda ke zaune a gindin bishiyar dalbejiya da waya biyu a hannu suna nuna gidaje ba su taɓa bin ta kanta ba. Ga kuma gidaje sun yi daraja. Buɗe Jami'ar Marwa a 2008, da kwararowar mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu na kan iyaka tun daga 2014, da ayyukan da aka yi wa Garwa saboda gasar cin kofin Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, da jami'ar da aka kafa mata a wannan shekarar, duk sun ƙara yawan masu neman wurin zama. Inda nema ya yi yawa, 'yan tsakiya kan yi yawa.

To amma a yi wa dillali adalci. A kasuwar shanu irin ta Adumri, dillali ba mai nuna sa ba ne kawai. Shi ne lamuni. Shi ya san mai san, ya san rugar da ya fito, kuma idan bayan mako guda aka zo aka ce san na sata ne, wuyansa za a kama. Dillalin gida na kirki ma haka yake: ya san wane ne ya gina gidan, ya san matan marigayi nawa ne, ya san cewa kwanar bayan gidan tana cika da ruwa a watan Agusta. Idan ka cire shi daga cikin ciniki, wannan sani bai zama maras amfani ba. Kai ne za ka taka da ƙafarka ka nemo shi.

Babban kuskuren da nake gani shi ne mutane na haɗa dillali da noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, su jefar tare, wai duk masu cin kuɗin tsakiya ne. Ba ɗaya suke ba ko kusa. Dillali zaɓi ne, ka ga dama ka ɗauka, ka ga dama ka bari. Noter kuwa doka ce ta ɗora shi. Dokar filaye mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli 1974, wadda har yau ita ce ginshiƙin sha'anin ƙasa a Kamaru, ta faɗa a sashe na 8 cewa duk wata yarjejeniya da ke ɗauke mallakar gida ko fili daga hannu zuwa hannu sai an yi ta a gaban noter, in ba haka ba ba ta da wani ƙarfi. Wannan sashe ya ƙara da abin da ya fi wannan nauyi: sayar da filin da ba a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba, shi ma ɓatacce ne. Har hukuncin tara da ɗauri ya tanada ga mai sayar da wuri guda ga mutum biyu, da mai sayar da abin da ba nasa ba.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai gida, tun kafin ka tambayi kuɗi, ita ce: gidan yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar ƙasa ta hukuma? Daga amsarsa hanya ta rabu biyu.

Idan ya ce akwai, ka gode wa Allah, amma kada ka tsaya a kan takardar da ya zaro daga cikin akwati. Abin da ke hannunsa kwafi ne. Asalin rajistar tana cikin littafin filaye a ofishin domen, wurin jami'in da ke ajiyar rajista, kuma tun bayan gyaran da aka yi wa tsarin a Disamba 2005 ana samun wannan ofishi a matakin dipartama, wato gunduma: na Binuwai ga mutumin Garwa, na Diyamare ga mutumin Marwa, na Bina ga mutumin Ngaundere. Ka ɗauki lambar titir ɗin ka je da kanka ka nemi sabuwar takardar shaidar mallaka, wadda a ofis ake kira certificat de propriété. Ita ce za ta gaya maka sunan wanda ke riƙe da wurin a yau, da faɗinsa, da duk wani nauyi da ke kansa: ko an jinginar da shi a banki, ko kotu ta sa a rubuta cewa ana shari'a a kansa. Gida yakan yi kyau, mai shi ya yi fara'a, alhali tun shekara uku da suka wuce ya ajiye shi jingina ya karɓi bashin da ya sayi mota da shi. Jingina tana bin gida ne duk hannun da ya koma. Kada ka yarda mai sayarwa ya ce zai kawo maka wannan takarda don ya rage maka wahala. Ita ce wahalar da ta fi kowace cancanta ka sha da kanka.

Sai ka haɗa sunan da ke kan titir da katin ɗan ƙasa na mutumin da ke zaune a gabanka. Idan sunan mahaifinsa ne, ko na wansa da ke Duwala, ko na wani Alhaji da ya saya daga hannunsa shekara ashirin da suka wuce ba a taɓa sauya suna ba, to ba shi da ikon sa hannu tukuna. Wanda ya ce shi wakili ne, ya nuna wakilcin da aka yi a gaban noter, kai kuma ka nemi jin muryar mai gidan da kunnenka.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa, wato awo. Titir yana da zane, kuma a ƙasa akwai turakun siminti da ke nuna iyaka. Ka ɗauki mai awon ƙasa da kadastar, wato ma'aikatar awon filaye, ta amince da shi ya gwada zanen da abin da ke ƙasa. A tsofaffin unguwanni katanga kan yi tafiya a hankali: wannan ya ci taki biyu cikin lungu, wancan ya jingina ɗakinsa da bangon maƙwabci. Wani lokaci ma takardar gaskiya ce, gidan ma gaskiya ne, amma takardar ta wani fili ce dabam da ke layin baya. Idan kuwa wani yanki na babban gida za a yanka maka, wajibi ne a yi awon rabawa a fitar maka da titir naka na kanka, kada ka zauna a ƙarƙashin titir ɗin wani kana jiran ranar da 'ya'yansa za su tuna da kai.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, domin a nan yawancinmu muke. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanninmu, da sababbin da ke tsirowa a bakin gari, ba su da titir. Abin da ake yi sananne ne: a zauna a zauren jauro ko lawan, wato masu sarautar unguwa, a kira shaidu, a rubuta takardar sayarwa ko takardar da ke cewa mai wurin ya sauka daga haƙƙinsa na gargajiya, a buga hatimi, a raba goro, a yi fatiha. Wasu su kai ta ofishin 'yan sanda ko meri, wato ofishin magajin gari, a buga musu wani hatimin a kan sa hannu, su koma gida da natsuwar cewa gwamnati ta shaida. Wannan hatimi yana tabbatar da cewa wane ne ya sa hannu, iyakarsa ke nan. Bai mayar da takardar titir ba.

Ba na raina wannan zama na zaure. Ina ganin darajarsa, kuma ba zan sayi ko da kango ba tare da jauro da maƙwabta sun sani ba, domin su ne za su tsaya ranar da wani ya zo da wata magana. Alƙur'ani ma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya umarce mu da mu kafa shaidu idan mun yi ciniki. Sai dai a idon doka, filin da ba shi da titir yana cikin abin da ake kira domaine national, ƙasar da hukuma ke riƙe da ragamarta. Wanda ya saya a zaure ya sayi gini da yardar unguwa. Ƙasar da ginin ke kai ba ta zama tasa ba tukuna. Muddin ana zaman lafiya ba zai ji bambanci ba. Ranar da zai ji shi ne ranar da wani ya fito da titir a kan wurin, ko aka zo fitar da hanya ana lissafin diyya, ko ya je neman rancen gini a bankin Crédit Foncier aka ce ya kawo abin jingina.

Akwai hanyar fita, kuma ranar 5 ga Agusta 1974 ce mabuɗinta. Ɗan Kamaru da zai iya tabbatar da cewa ana zaune a wurin ko ana amfani da shi tun kafin wannan rana yana da damar neman titir kai tsaye. Ana ajiye buƙata a ofishin sufurefe, wato jami'in mulki na ƙaramar gunduma, kwamitin da yake jagoranta, wanda sarkin yankin da dattawa biyu ke ciki, ya zo ya ga wurin da idonsa, a kafa turaku, a buga sanarwa, a ba masu ƙorafi kwana 30, sannan a rubuta titir. Wurin da aka fara ginawa bayan wannan rana kuwa hanyarsa daban ce: hukuma ta ba ka shi na wucin gadi, har zuwa shekara 5, ka raya shi, sannan a duba a tabbatar maka. Wannan ya fi tsawo, ya fi cin takalmi.

Ra'ayina a nan a fili yake. Idan gidan tsohon gidan gado ne da ya girmi 1974, ka lallashi masu shi su nemi titir da sunansu tukuna, ko da kai ne za ka ɗauki kuɗin zirga-zirgar a cire daga farashi, sannan ku je gaban noter. Su ne ke da tarihin zama a wurin, kai baƙon jiya ne. Na san ba kowane mai sayarwa zai yarda ya jira ba, domin galibi buƙata ce ta kora shi, ko jinya ko bashi ko aurar da 'ya. Idan ka ga dole sai ka saya a haka, to ka saya ido buɗe: farashin ya nuna cewa babu titir, kada ka zuba duk abin da ka mallaka, kuma washegarin karɓar makulli ka fara bin takarda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gado shi ne ramin da na fi ganin mutane na faɗawa, kuma na gan shi a cikin danginmu. Wani ƙanena, ɗan baffana, mai fataucin albasa, ya yi shekaru yana zubin adashi har ya tara kuɗin gida. Ya samu wani gida a unguwarsu daga hannun mutumin da suke sallah a masallaci ɗaya, babu dillali, babu kowa. Da ya zo ya gaya mini, na tambaye shi ko gidan na mutumin ne shi kaɗai.

Ya ce, "Yaya, ai tun ina yaro a gidan nake ganinsa. Sahu ɗaya muke tsayawa."

Na ce, "Ban ce zai cuce ka ba, ƙanena. Mahaifinsu da ya rasu, 'ya'ya nawa ya bari?"

Ya yi shiru, ya ce ya san maza biyu, kuma dukansu sun yarda. Aka yi ciniki a zaure, aka biya. Bayan shekara biyu sai ga 'yar'uwarsu da ke aure a kudu ta zo, ta ce ba wanda ya shawarce ta, ba wanda ya ba ta ko dala. Kuma gaskiyarta ne. Mai sayarwar bai ɗauki kansa macuci ba, a ganinsa babban wa ya yanke magana shi ke nan. Sai da dattawa suka zauna sau uku, ƙanena ya ƙara kuɗi daga aljihunsa aka sallame ta, abin da ya ninka la'adar da ya yi murnar tsira da ita. Har yau idan na tuna yadda ya rame a watannin nan raina yakan ɓaci, domin tambaya ɗaya ga tsohuwar da ke maƙwabtaka da gidan da ta wadatar.

Gidan gado na dukan magada ne har sai an raba. A shari'ar Musulunci matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, uwa da uba suna da nasu idan suna raye, kuma rabon maraya ƙarami ba abin da wani zai sayar ba ne don kawai shi ne babba a gida. A mazhabar Malikiyya da muke bi akwai kuma shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin su karɓe. A ɓangaren hukuma kuma noter zai nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, wato jugement d'hérédité, wanda ake samu bayan zaman dangi, sannan kowane magaji ya sa hannu ko ya wakilta. Ka karanta sunayen da ke cikin hukuncin, sannan ka je unguwa ka ji ko sun cika. Wani lokaci akan manta da 'ya'yan matar da aka saka tun da daɗewa, wani lokaci kuma da gangan ake mantawa. Matan unguwa sun fi kowa sanin wannan lissafi, don haka ka tura mahaifiyarka ko matarka ko yayarka su shiga cikin gidajen maƙwabta su gaisa. Abin da za su jiyo a tsakar gida cikin rabin awa, kai ba za ka ji shi a zaure ba ko ka yi wata kana zuwa. Haka nan idan mai gidan ya yi auren meri bisa tsarin haɗa dukiya, matarsa tana da haƙƙi a abin da aka mallaka cikin auren, sai a ji ta bakinta.

Wata magana da ta shafi Hausawa musamman: da yawa daga cikinmu a Garwa da Marwa da Kuseri an haife su a nan ko sun yi shekara talatin suna kasuwanci, amma takardunsu na Najeriya ne ko Nijar ko Cadi. Dokar ta yarda baƙo ya mallaki gida, sai dai cinikin yana buƙatar amincewar ministan da ke kula da filaye, kuma ba a yarda ba a yankunan kan iyaka. Wasu kan kauce wa wannan su sa sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa. Aboki na iya riƙe amana har ya mutu, amma a takarda gidan ya shiga cikin gadonsa, kuma 'ya'yansa ba su ne suka yi maka alkawari ba.

Sai shi kansa ginin. Ba a cinikin biri a sama, kuma gidan da ka gani a watan Janairu, ƙasa a bushe, iska na kaɗawa, ba shi ne gidan da za ka kwana a ciki a watan Agusta ba. In da hali ka ga gida da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. In babu hali, ka duba gindin bango: ruwa yakan bar zane, kuma sabon fenti da aka shafa daga ƙasa zuwa gwiwa kawai yana da abin da yake rufewa. Mutanen Garwa ba su manta ambaliyar 2012 ba, lokacin da Binuwai ya cika aka saki ruwan madatsar Lagdo. A Marwa, kogin Mayo Kaliyawo yakan kwana rairayi tsawon rani, yara na ƙwallo a cikinsa, da damina kuma ya zo da ƙarfin da yake cin gaɓa. Wata doka ta 1974 ta sa kwarin koguna da fadamu cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, haka ma faɗin hanya. Shi ya sa ake neman certificat d'urbanisme daga hukumar gari, takardar da ke nuna ko wurin na gini ne, ko kuwa akwai hanyar da aka zana za ta bi ta tsakiyar falonka.

Ka tafi da magini wanda ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin yininsa. Shi zai gane tsagar da ta tsaya a filasta da wadda ta sauka har tushe, musamman a wuraren baƙar laka irin ta karal, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani. Ya hau ya leƙa cikin silin ya ga ko gara ta cinye katako. Ya duba tazarar da ke tsakanin masai da rijiya. Kai kuma ka tsaya a ɗakin kwana da azahar ka ji, domin wanda ya san zafin Garwa na Maris da Afrilu ya san ɗaki mai gajeren rufi da taga ɗaya ta yamma ba wurin barci ba ne. Ka nemi takardun biyan wuta da ruwa na ƙarshe, da na harajin gida. Idan akwai 'yan haya, ka zauna da su ka ji wata nawa suka biya gaba, a rubuta wanda zai mayar musu da kuma ranar da za su tashi. Su ma mutane ne masu iyali, kada a wayi gari ka zama mai fitar da kayan wani waje saboda maganar da ba a yi ba tun farko.

Wajen neman gidan ba sai na daɗe ba. Masallaci, majalisa, abokan kasuwa, lambar waya a jikin bango. Tallan Facebook da WhatsApp da ke cewa daga hannun mai shi ne, da yawansu dillalai ne suka sa, za ka gane idan ka ce a haɗa ka da mai suna a kan takarda aka fara kewaye-kewaye. Duk wanda ya nemi ka tura masa kuɗi ta waya kafin ka ga gida, ka rufe maganar.

Ciniki ido da ido yana da nasa wuya, wadda dillali kan ɗauke wa mutane. Da dillali, kana iya yin tayi ƙasa-ƙasa ba kunya, shi zai kai, shi zai dawo da albarka. Ba shi, kai ne za ka dubi dattijon da ya haife ka ka ce gidansa bai kai abin da ya faɗa ba. Kunya takan sa mutum ya biya fiye da ƙima, ko ta hana shi tambayar takarda don kada a ce bai yarda da mutane ba. Maganin wannan shi ne ka tafi da wani babba naka, kawu ko baffa, wanda zai iya cewa, "Alhaji, a yi mana haƙuri, yaron nan guminsa ne na shekara goma, bari mu ga takardun kafin a yi maganar kuɗi," ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Kafin ku je, ka binciki abin da aka sayar da gidaje biyu ko uku a wannan layi, abin da aka biya a zahiri, ba abin da aka fara faɗa ba. Idan kuma kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai ana ta gaggauta ka, wai akwai wani mai saye da zai zo da yamma, to ka ja da baya ka ƙara bincike.

Idan an sallama, kada kafin alƙalami ya fita sai da takarda, kuma ya fi kyau a yi ta a wurin noter: nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a cika, kuma idan bincike ya nuna matsala a takardun kuɗin zai dawo. Cikon kuɗin ya bi ta banki ko ta hannun noter ranar sa hannu, don ya bar sawu. Na san mutanenmu da yawa sun fi sakewa da kuɗi a hannu, a ƙirga a kan tabarma, amma miliyoyi a cikin jaka haɗari ne a hanya, kuma ba su da shaida idan aka yi musu.

Ka ware kuɗin takardu tun farko, domin ba kaɗan ba ne: harajin rajistar ciniki, wanda ake lissafawa bisa ƙimar gidan kuma ya fi yawa a kan ginannen gida na cikin gari fiye da fili, da ladan noter, da kuɗin sauya suna, da na awo. Ka sa noter ya rubuta maka lissafin dalla-dalla kafin ka shiga. A nan ne wani zai ba ka shawarar a rubuta miliyan 10 a takarda alhali 18 ka biya, don haraji ya ragu. Kada ka karɓa. Ƙarya ce da za ka sa wa hannu a gaban shaidu, ma'aikatar haraji tana da ikon sake ƙiyasta gidan ta ci ka tara, kuma idan wata rana aka rushe cinikin, abin da ke rubuce shi ne abin da za ka iya nema a mayar maka.

Sa hannu a ofishin noter ba shi ne ƙarshe ba. Noter zai kai takardun domen a sauya suna a cikin littafin filaye, kuma sai ka bi sawu, domin fayil yakan kwanta idan mai shi ya kwanta. Ranar da aka miƙo maka kwafin titir, ka karanta sunanka harafi-harafi ka gwada da na katinka. Sunayenmu suna shan wuya a rubutun Faransanci, Usman ya zama Ousmanou a wannan takarda ya zama Oussoumanou a waccan, kuma harafi biyu na iya tsayar da 'ya'yanka a gaban kotu wata rana. Idan akwai kuskure a gyara shi tun kana tsaye a wurin. Bayan wata ɗaya ko biyu ka koma ka sake neman takardar shaidar mallaka, wannan karon don ka ga sunanka ya fito daga cikin littafin da kansa. Ka mayar da mitar wuta da ta ruwa sunanka, ka yi wa takardun kwafi ka ajiye a wuri biyu, ka gaya wa matarka da babban ɗanka ko 'yarka inda suke. Sannan ka sayi goro ka je ka gaida jauro da liman, ka bi maƙwabta na dama da na hagu da na baya, tare da tsohon mai gidan in zai yiwu, ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa ya sayar, ya karɓi kuɗinsa cif.